Yadda na ƙiyasta kuɗin lalata tsofaffin albarusai

Ni akanta ne, ban taɓa sa kaki ba. Shekarun baya aka saka ni cikin kwamitin da zai ƙiyasta abin da za a kashe wajen lalata harsasai da bama-baman da suka tsufa a wani rumbun makamai. Cikin mako guda na gama: kuɗin nakiya, alawus ɗin masu kwance bam, man motoci. Na kai wa wani tsohon samanja da ya daɗe yana kula da rumbun domin ya duba.

Ya karanta, ya ajiye takardar. "Malam, ranar fashewa kaɗai ka lissafa. Wa zai buɗe akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya?"

Na ce, "Baba Samanja, ai akwai rajista."

Sai ya ja ni cikin rumbun. Wasu akwatunan lambarsu ta goge, wasu bama-baman tsatsa ta ci su, zafi kuma ya ɓata garin albarushi har ɗaga su ma haɗari ne. Tantancewa kaɗai ta fi fashewar cin kwanaki. Ga jigila a hankali tare da rakiya, motar kashe gobara da ta asibiti. Ga neman fili nesa da gari, a yi shela ta hannun dagaci, a sanar da makiyaya, a biya diyyar gona. Bayan an tayar kuma dole a bi filin taku-taku a tsince abin da bai tashi ba, domin yara da 'yan gwangwan za su zo neman ƙarfe. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, don ko kwabo ban ware masa ba da farko.

Kuɗin da na sa ran samu daga sayar da kwanson harsashi ma na rage shi sosai, tunda sai an tabbatar babu sauran albarushi a ciki kafin ya fita.

Daga baya na ga cewa manyan ƙasashe ma haka suka yi fama. A 1985 sojojin Amurka sun ƙiyasta dala biliyan 1.7 don lalata makamansu masu guba, a gama a 1994. Sai a 2023 aka kammala, kuɗin kuwa ya kai wajen biliyan 40.

A rahoto na biyu na ƙara shafin abin da jinkiri ke ci kowace shekara: gadi, gyaran rufi, share ciyawa saboda gobarar rani. Wani a kwamitin ya ce ajiyar ta fi araha. Na tuna masa da barikin Ikeja, ranar 27 ga Janairu, 2002, inda rumbun makamai ya tashi, mutum fiye da 1,000 suka rasu, akasarinsu a magudanar ruwan Oke-Afa suna gudun ceton rai. Na roƙa a rubuta wannan a shafin farko, sama da jimillar kuɗin, kuma haka aka yi.