Juzu'i daidai, shafi daidai, bugun kuwa babu shi a duniya

Risalata ta majistir, wato kundin digirina na biyu, a nan Madina a kan tafsirin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ce, Diya'ut Ta'wil, da yadda yake ɗauko maganganun magabata. Duk wanda ya yi irin wannan aiki ya san rabin wahalarsa a hamishi take, wato bayanin madogara da ake sawa a ƙasan shafi: marubuci, littafi, muhaƙƙiƙi (malamin da ya tace littafin don bugawa), maɗaba'a, bugu na nawa, shekara, juzu'i, shafi. Wani ɗan'uwa Bazazzagi da ke karatun dakta ne ya saka mini Zotero, manhajar tsara bayanan littattafai, a kwamfuta, ya haɗa shi da Word, ya ce, "Malam, ka huta da rubuta hamishi da hannu." Gaskiya ya faɗa, kuma har gobe ina yi masa addu'a.

Kafin nan ina da dogon jerin maraji'i, wato littattafan da na dogara da su, da na tara a Word tun lokacin rubuta khuɗɗa, wato tsarin bincikena. Shigar da su ɗaya bayan ɗaya zai ci lokaci, sai na liƙa jerin a wata manhajar hira ta AI, na ce ta mayar mini da shi tsarin RIS, wato tsarin fayil da Zotero ke iya karantawa. Kafin shayina ya huce ta gama. Na kwafo, na shigar a Zotero, komai ya jeru tsaf, kowane gurbi a cike. Cikar nan ita ce ta ci ni.

A jerina akwai littattafan da na rubuta a taƙaice, don na san kwafin da ke kan kantata. Misali na rubuta Ɗabari, Jami'ul Bayan, shi ke nan. Wanda nake amfani da shi bugun Dakta Abdullahi at-Turki ne, na Dar Hajar, 1422. Ita kuwa manhajar da ta ga gurbin muhaƙƙiƙi da na maɗaba'a da na shekara babu komai, sai ta cike su da kanta, ba ta kuma ce mini uffan ba. Ta sa Shakir a muhaƙƙiƙi, ta sa Dar Hajar a maɗaba'a, ta kawo wata shekara daban. Kowane yanki gaskiya ne idan ka ware shi: Mahmud Shakir ya yi tahƙiƙin Ɗabari, Dar Hajar ta buga Ɗabari. Amma haɗe wuri guda, babu wannan littafi a doron ƙasa.

Abin da ya sa ido ba ya kamawa shi ne lambar juzu'i da shafi ni nake sa su da hannuna a kowane hamishi, daga littafin da ke gabana. Sauran bayanin kuma Zotero ke zubowa daga abin da aka shigar masa, shi ba ruwansa, abin da ka ba shi zai ba ka. Sai ga shi ina da hamishi mai shafin bugun at-Turki da sunan Shakir, a babi uku, wuri fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Mushrifina, wato malamin da ke duba risalata, dattijo ne mai sanin bugu kamar yadda mahauci ya san gaɓar nama. Ya karanta hamishin farko, ya miƙa hannu bayansa ya zaro juzu'in Shakir, ya buɗe shafin, ayar ma ba ita ba ce. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ya ɗana, wannan bugun a ina ka saye shi? Ina son kwafi." Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. A fanninmu, wanda ya jingina magana ga shafin da ba ta ciki, zargin da ke kansa shi ne bai taɓa buɗe littafin ba, ni kuwa na buɗe shi har bangonsa ya fara sakin jiki.

Gyaran Ɗabari kansa minti biyu ne. Ka gyara a Zotero sau ɗaya, ka sabunta a Word, duk hamishin ya canza. Abin da ya cinye mini makonni shi ne na daina yarda da sauran. Tun da manhajar AI ta yi wa Ɗabari haka, wa ya san abin da ta yi wa Ibn Kasir? Na duba, nawa na Sami as-Salama ne, Dar Ɗayyiba, bugu na biyu, 1420, juzu'i 8, ita kuma ta liƙa masa wata maɗaba'ar Bairut. Haka na riƙa bin littafi littafi, ina buɗe shafin farko ina kwatantawa, waɗanda ba ni da su na bi su ɗakin karatu. Zaman majalisar sashe da nake fatan a miƙa risalata ya wuce ina tsakiyar wannan aiki.

Har shekaru ba ta bari ba. Inda na rubuta hijiriyya kaɗai, ta mayar da ita miladiyya, alhali shekarar hijira ɗaya tana ratsa biyu. 1422 ta fara a Maris 2001 ta ƙare a Maris 2002, to wace za ta zaɓa? Ta zaɓi wadda ta ga dama. Sunan Malam Abdullahi ma ta raba shi gida biyu, ya koma "Fodiyo, A." kamar wani Bature. Zotero yana da maɓallin da ke mayar da suna gurbi ɗaya, shi ya kamata a yi wa duk sunayen malamanmu.

Daga baya na fahimci dalili. Ita ba ta leƙa kundin wani ɗakin karatu, hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take yi. Shakir da Ɗabari sun sha zuwa tare a rubuce-rubuce, Dar Hajar da Ɗabari ma haka, sai ta ɗaura musu aure. Maƙalun Turanci suna da kariya: ka sa lambar DOI, wato lambar shaidar kowace maƙala, a wurin da Zotero ya tanada, ya ɗauko bayanin daga asalinsa, idan lambar ta bogi ce ya ce bai samu ba. Littattafan turasi, wato na magabata, ba su da DOI, tsofaffin bugu da yawa ko ISBN ba su da shi, kuma littafi ɗaya yana iya samun tahƙiƙi biyar. Mu ne muka fi kowa zama a fili.

Ban daina amfani da manhajar AI ba, kar wani ya ce na ce haramun ce. Tana warware mini maƙalun Turanci masu nauyi, tana ba ni kalmomin da zan yi nema da su a rumbun maƙalu na Dar al-Manzuma da Maktabar Dijital ta Saudiyya, kuma ita ta taimaka mini na gyara fayil ɗin salon hamishi har ya fito yadda sashenmu ke so, muhaƙƙiƙi kafin maɗaba'a. Waɗannan duk abubuwa ne da idan ta yi kuskure zan gani nan take.

Bayanin littafi kuwa ba ta ƙara taɓa mini shi. Wani ƙanenmu ɗan shekarar farko ya ce ai sai a gaya mata kada ta ƙara komai, ta bar gurbi yadda ta same shi. Na ce masa na gwada, takan ji, wani lokacin kuma hannunta ya yi ƙaiƙayi, kuma ba za ka san ranar ba sai ka sake duba kowane layi. In dai sai na duba, gara in rubuta da kaina daga bangon littafin. Idan daga Shamila na ɗauko, wato maktabar littattafan Larabci ta kwamfuta, sai na tabbatar katin bayanin littafin ya ce lambobin shafinsa sun dace da bugaggen, sannan in kwafi katin harafi da harafi, shekarar ma yadda maɗaba'a ta rubuta ta.