Saitin ƙwaƙwalwar mota a Legas: ta intanet ko a kai ta gaban gwani?

Idan ka canza wa motarka salansa, ka buɗe mata hanyar shaƙar iska, ko ka ɗora mata tabo mafi girma (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, wadda 'yan kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ke kira birenbos, ba ta san da wannan labari ba. Tana nan tana auna mai da lokacin tartsatsin fulogi bisa lissafin da kamfani ya zuba mata tun daga masana'anta. Sake rubuta wannan lissafin shi ne abin da ake kira tunin. Hanya biyu ce a gabanka. Ko dai ka tura wa wani gwani da ke Amurka, Ingila ko Dubai bayanan motar ya aiko maka da fayil ka zuba da kanka, ko kuma ka kai motar inda za a ɗaure ta a kan daino, wato na'urar da tayoyi ke juyawa a kanta ana auna ƙarfin inji mota tana tsaye wuri guda.

Kafin a je ga zaɓi, a fara da maganar mai, domin nan ne injuna ke mutuwa. A yawancin gidajen mai na Legas fetur kala ɗaya ne, babu lamba a jikin famfo, kuma ƙarfin oktan ɗinsa, wato juriyarsa ga matsi kafin ya fashe da kansa, yana wajen 90 zuwa 91 ne a ma'aunin RON da Turai ke amfani da shi. Amurka kuwa da wani ma'auni dabam take aiki. Abin da suke kira 87 can shi ne kusan 91 a namu, 91 ɗinsu ya kai kusan 95, shi kuma 93 kusan 98 ne. To ka ga idan gwanin Amurka ya tambaye ka “91 ko 93?” ka amsa masa da 91, kai kana nufin abu ɗaya, shi ya ji wani. Zai rubuta maka fayil na man da babu shi a tankinka, ya matso da lokacin tartsatsi gaba, ya ƙara matsin tabo. Sakamakon shi ne man ya riƙa fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta gama cinye shi, ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙwanƙwasar ita ke fasa gefen fistin inda zobba ke zama, ta ƙone gaskit. Ka rubuta masa a fili cewa 91 RON ne, daidai da 87 nasu, kuma ingancin yana bambanta daga wannan gidan mai zuwa wancan. Duk wanda ke tuƙi a garin nan a watan Fabrairun 2022 bai manta da fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi ya lalata motoci ba. Fayil mai kyau a nan shi ne wanda ya bar sarari saboda ranar da za ka sha man da ba shi da kyau.

Abu na biyu lafiyar motar kanta. Gwanin da ke nesa yana ɗauka cewa motarka tana nan yadda kamfani ya ƙera ta, ban da kayan da ka lissafa masa. Motar da ta yi shekara biyar a hannun bakanikenmu da wuya ta kasance haka. An cire tamostat wai saboda zafin ƙasa, an haɗa fanka kai tsaye, an fasa indomin salansa (matatar hayaƙin da ke ciki) an sayar, wani lokaci har fitilar gargaɗin inji an kashe ta daga bayan allo. Cire tamostat kaɗai ya isa ya ɓata aikin: ruwan lagireto ba zai zauna a 85 zuwa 95 na ma'aunin Salshiyas ba, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka inji bai gama ɗumi ba ta ci gaba da ƙara mai, duk bayanan da ka tura sun zama na ƙarya ba tare da ka sani ba. Haka nan idan an taɓa sauya inji ko birenbos da na Ladipo, lambar jikin mota ba za ta dace da manhajar da ke ciki ba. Lambar manhajar da na'ura ta karanto daga ƙwaƙwalwar ita za ka tura.

Saboda haka ko wace hanya ka zaɓa, a fara auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A sa sababbin fulogi na asali. A motar tabo da za a ƙara wa matsi akan rage tazarar bakinsu zuwa milimita 0.6 ko 0.7, domin matsi mai yawa yana hure tartsatsi. A toshe bututun iska a hura masa iska, a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga inda zai yi kumfa. A duba famfon mai da matatarsa, a wanke nozul. A duba gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai da kanta: kashi 5 sama ko ƙasa ba komai, amma idan ya haura 10 akwai yoyon iska, ko sensa ta gaji, ko famfo ya yi rauni. Tunin ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ya tona su.

Aikin nesa yana tafiya ne kamar haka. Ka sayi na'urar da ta dace da motarka, wadda ake soka wa a kafar OBD da ke ƙarƙashin sitiyari: Hondata ga Honda, MHD ko bootmod3 ga BMW, Cobb ga irin su Subaru da Golf GTI, HP Tuners ga motocin Amurka da dama. Ka fara kwafe fayil ɗin asali ka adana shi wuri biyu. Gwani ya aiko da fayil na farko mai sauƙi, ka zuba, ka fita ka naɗi bayanai: inji ya yi ɗumi, a giya ta uku ko ta huɗu, daga juyi 2,000 ko 2,500 a minti ka take totur har ƙasa zuwa kusa da jan layin agogon juyin inji. Shi zai duba yawan iska da mai, da yawan digirin lokacin tartsatsi da ƙwaƙwalwa ta janye saboda ƙwanƙwasa, da zafin iskar da ke shiga, da matsin tabo, ya gyara ya sake aikowa. Haka za a yi ta yi sau uku, sau biyar, ko fiye. A tafiyar yau da kullum ana son iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na fetur, amma a cikakken totur motar tabo tana son wajen 11.5 zuwa 12. Idan motarka ba ta zo da sensar da ke iya karanta wannan daidai ba, dole ka sa sensar da ake kira waidban, irin mai Bosch LSU 4.9, a jikin salansa. Gwanin da ya yarda ya ƙara maka matsi ba tare da ya ga wannan adadi ba, ka nemi wani.

Matsalar da ba a cika faɗa ba ita ce titi. Jan giya ta uku har ƙarshe yana kai mota kilomita 130 ko fiye, alhali iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya a ƙasar nan 100 ne. Ina za ka yi wannan a Legas, har sau goma? Gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 ba filin gwaji ba ce, akwai danfo da ke tsayawa inda ya ga dama, akwai mutane da iyalansu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya karkata ga daino. Wanda ya dage sai ya naɗi bayanai a titi, kada ya riƙe kwamfuta da sitiyari lokaci guda, ya ɗauki wani ya zauna gefe.

Lokacin zuba fayil ma akwai haɗari. Idan batir ya yi ƙasa ko waya ta motsa ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwa na iya mutuwa, mota ta ƙi tashi sai an ciro ta an buɗe a kan tebur. A haɗa caja mai riƙe wuta a volt 13 zuwa 13.5, a kashe fitilu da na'urar sanyaya mota, kwamfuta ta cika da caji, kada a dogara da wutar NEPA. Na'urorin jabu masu araha da ake sayarwa da sunan KESS, wata na'urar zuba fayil, sun kashe ƙwaƙwalwa da yawa, kuma gwanin da ke nesa ba zai biya ka ba.

A kan daino kuwa, gwani yana ganin motar da idonsa. Zai ga hayaƙi, ya ji warin mai, ya sa abin sauraro a jikin inji ya ji ƙwanƙwasar da sensa ba ta kama ba, ya ɗaga ƙafa nan take. Idan dainon mai riƙe nauyi ne, zai iya tsayar da inji a juyi 3,000 da rabin totur ya daidaita wurin, sannan ya matsa gaba, abin da ba ya yiwuwa a titi. Amma mallakar daino ba ita ce ƙwarewa ba. Akwai mai na'ura da fayil ɗin da ya sauko daga intanet kawai yake zubawa kowa. Ka tambaye shi motoci nawa irin taka ya yi, da wace manhaja, kuma zai ba ka fayil ɗinka na asali da takardar gwaji ta kafin aiki da bayansa? Motar da ke ja da ƙafa huɗu tana buƙatar daino na ƙafa huɗu. Ka kuma lura da fanka: idan ya sa mata iska mai ƙarfi ya gwada sau ɗaya da sanyin safiya, lambar ƙarfin inji za ta yi kyau, amma ba ita ce motar da za ta yi awa ɗaya a gosulon Ikorodu Road ba. A cunkoso intakula, wato mai sanyaya iskar tabo kafin ta shiga inji, yana jiƙewa da zafi, iskar da ke shiga ta haura digiri 50 ko 60, kuma lokacin da hanya ta buɗe ka take totur, lokacin ne inji ya fi kusa da ƙwanƙwasa. Ka nemi a yi gwaji uku a jere mota tana da zafi, a saita bisa mafi muni. Mai zuwa Arewa da motarsa ya faɗa tun farko, domin zafin Kano a watan Afrilu yana wuce digiri 40.

A ganina, idan motarka sananniya ce a wurin masu wannan sana'a, kamar BMW 335i ko Golf GTI, kuma abin da ka canza bai wuce salansa, mashaƙar iska da intakula ba, gwanin nesa da ya yi ɗaruruwan irinta ya fi na kusa da bai taɓa buɗe irinta ba, muddin ka gaya masa gaskiyar mai. Idan kuwa ka canza tabo, ka sa manyan nozul, ka sauya inji, ko ka sa ƙwaƙwalwa mai zaman kanta irin Haltech ko Link, to babu wani fayil da ya san motarka, sai an gina lissafin daga tushe, kuma wannan aikin daino ne. Masu Camry da Lexus ES350 marasa tabo su sani ƙarin da za su samu kaɗan ne, da manmu ma ya fi ƙanƙanta, gara kuɗin ya tafi ga taya da burki.

Akwai kuma hanyar tsakiya da ta dace da Legas sosai: ka yi hayar daino na awa biyu ko uku, gwanin nesa ya shiga kwamfutarka ta TeamViewer ko AnyDesk yana kallon bayanai kai tsaye, bakanikenka yana tsaye kusa da inji. Sai ku daidaita lokaci, tunda gabashin Amurka yana bayanmu da awa biyar ko shida. Kowane fayil a sauke shi gaba ɗaya a kan kwamfuta kafin a fara zubawa, kuma ka zo da tanki cike da man gidan da ka saba sha, ba wanda ka zuba wa maganin ƙarin oktan saboda ranar gwaji ba.