Abin da ke ɓoye tsakanin -1 da 0

Yau tun da sassafe na zauna da tambayoyin gwaji na GRE, jarrabawar da ake yi don neman shiga karatun gaba da digiri na farko, na kunna agogo kamar yadda na saba. Tun da aka rage tsawon jarrabawar a watan Satumba na 2023, ɓangaren lissafi ya koma tambayoyi 27 cikin minti 47. Ko minti biyu cikakku mutum ba ya samu a kan tambaya ɗaya, shi ya sa nake koya wa hannuna sauri. To yau saurin ne ya kai ni ya baro.

Tambayar irin ta kwatanta adadi biyu ce. An ce x³ ya fi x, sannan aka ajiye x a gefen A, aka ajiye 1 a gefen B. Zaɓi huɗu ne kullum a irin wannan: A ya fi, B ya fi, daidai suke, ko bayanin bai isa a yanke hukunci ba. Na saka 2 a raina, 8 ya fi 2. Na saka 3, 27 ya fi 3. Na gwada rabi, na ga ɗaya bisa takwas bai kai rabi ba, don haka rabi ya fita. Sai na zaɓi A da ƙwarin gwiwata. Da na duba amsa, na huɗu ce. Raina ya sosu ƙwarai, don a ganina na yi duk abin da ya kamata.

Bayan na sake yi sau biyu ban ga kuskuren ba, sai na ɗauki hoton takardar na tura wa yayana, wanda lissafi ne fanninsa. Ya kira ni. Bai gaya mini amsa ba, cewa ya yi, "Ƙanwata, ki ja layin lambobi, ki sa ɗigo uku a kai: -1, 0 da 1. Gida nawa kika samu?" Na ce huɗu, Yaya. Ya ce, "Nawa kika shiga?" Na yi shiru. Biyu kawai na leƙa, duka a hannun dama.

Da muka ajiye waya na ɗauki -1/2 na ninka shi sau uku da fensir, a hankali. Na farko sau na biyu ya ba ni 1/4, alamar debewa ta ɓace. Na sake ninkawa da -1/2, alamar ta dawo, na samu -1/8. Na kalli layin da na ja: -1/8 ya fi kusa da sifili, yana dama da -1/2, ke nan ya fi shi girma. Ga x³ ya fi x, amma x ko sifili bai kai ba, balle 1. Na daɗe ina kallon wannan ɗan lissafin. Ido yana ganin 8 a ƙasa sai ya ce lambar ta ƙanƙance, kuma gaskiya ne ta ƙanƙance, amma a ɓangaren debewa raguwar bashi ai ƙaruwa ce.

Daga nan na cika shafi guda. Sama da 1, komai yana tafiya yadda hankali ya saba: 2, 4, 8, kowane hawa ya fi na bayansa. Tsakanin 0 da 1 abin juyewa yake yi, 1/2, 1/4, 1/8, ana ninkawa ana raguwa. Ƙasa da -1, idan na ɗauki -2, x² ya zama 4, x³ ya faɗa -8, don haka x³ ne ƙarami, x a tsakiya, x² a sama. Gidan da ya ka da ni, tsakanin -1 da 0, shi ne kaɗai inda x yake can ƙasa, x³ ya hau kansa, x² ya fi su duka. A kan ɗigon kansu kuwa, a 0 da 1 duka ukun daidai suke, a -1 kuma x da x³ ne kawai suka haɗu.

Da yamma na gano wani kuskure na biyu a tsoffin takarduna, kuma wannan ya fi damuna. Sau da yawa idan na ga x³ ya fi x, sai in raba gefe biyu da x in ce x² ya fi 1. Alhali ban san alamar x ba. In yana ƙasa da sifili, bakin alamar fifikon juyawa yake yi. Hanyar da ba ta yaudara ita ce a kwaso komai gefe ɗaya, a fasa shi zuwa x(x - 1)(x + 1), a duba inda sakamakon ya haura sifili. Ɗigo ukun da Yaya ya sa na zana, ashe daga nan suka fito.

Abin da ya faranta mini shi ne ba kowane rabawa ne haramun ba. Idan an ce x³ ya fi x², x ba zai zama sifili ba, kuma x² ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili, don haka zan iya rabawa da shi hankali kwance in samu x ya fi 1. Tambayoyi biyu masu kama da juna kamar tagwaye, ɗaya amsarta A, ɗaya amsarta ta huɗu.

Kafin in rufe littafi na sake yin goma irinsu da agogo, kowace na fara da rubuta 2, 1/2, -1/2 da -2 a gefen takarda. Na ci tara. Wadda ta kuɓuce mini tana da 1/x a ciki, da ita zan fara gobe.