Lissafin da Ke Tsakanin Takardar Likita da Cokalin Magani

A shekarun da na yi ina aiki a ɗakin bayar da magani, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ƙaramin kuskuren lissafi ke mayar da magani mai kyau ya zama abin cutarwa. Likita yana rubuta adadi da miligiram, wato nauyin sinadarin da jiki ke buƙata, ita kuwa uwar da za ta bai wa yaro maganin a gida da mililita take aunawa, wato yawan ruwan da zai shiga cokali ko sirinji. Abin da ke haɗa waɗannan ma'aunai biyu shi ne ƙarfin maganin da aka rubuta a jikin kwalba, kuma wannan rubutun ne mutane suka fi tsallakewa.

Wata rana wata uwa ta zo da kwalbar farasitamol da ta saya a kemis, tana cewa za ta ci gaba da ba ɗanta cokali ɗaya da rabi kamar yadda aka gaya mata a baya. Yaron yana da kilo 12. Ana ba yara farasitamol tsakanin miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyinsu, don haka mafi yawan abin da zai sha a lokaci ɗaya shi ne miligiram 180. Kwalbar da aka fara ba ta tana da miligiram 120 a cikin kowane mililita 5, saboda haka idan aka raba 180 da 120, aka ninka da 5, za a sami mililita 7.5, wato cokalin shayi ɗaya da rabi. Amma sabuwar kwalbar miligiram 250 ce a cikin mililita 5, kuma wannan cokali ɗaya da rabin zai ɗauki miligiram 375, fiye da ninki biyu na abin da ya dace. Da ta maimaita haka sau huɗu a rana na kwanaki, hantar yaron ce za ta ɗauki nauyin. Na ce mata, "Hajiya, sunan maganin ɗaya ne, amma wannan ya fi wancan ƙarfi," sannan na nuna mata layin mililita 3.6 a jikin sirinji. Ban ga laifinta ba, domin an koya mata cokali ne, ba a nuna mata abin da ke rubuce a kwalba ba.

Shi kansa cokalin abin tuhuma ne. A lissafin magani cokalin shayi mililita 5 ne, babban cokali kuma mililita 15, amma cokulan da ke kwandon kwanukanmu kowanne da girmansa. Shi ya sa nake ganin bai kamata a miƙa wa kowa ruwan maganin yara ba tare da sirinjin baki ko murfi mai layukan awo ba. Haka kuma ƙiyasta nauyin yaro da ido ko da shekaru ba ya wadatarwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro na atemita da lumefantirin ma da nauyi ake raba shi: idan ƙwayar mai miligiram 20 na atemita da 120 na lumefantirin ce, ƙwaya ɗaya ga mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15, biyu ga mai 15 zuwa ƙasa da 25, uku ga mai 25 zuwa ƙasa da 35, huɗu daga 35 zuwa sama, sau biyu a rana har kwana uku. Idan babu sikeli, an fara lissafin a kan zato.

Matakan awon nauyi suna tafiya ne dubu-dubu. Giram ɗaya miligiram 1,000 ne, miligiram ɗaya kuma maikirogiram 1,000 ne. Ƙwayar digozin ta masu ciwon zuciya mai maikirogiram 125 ita ce miligiram 0.125, kuma a irin wannan magani da tazarar amfaninsa da gubarsa ba ta da faɗi, gocewar ɗigon da ke cikin lambar wuri ɗaya na nufin ninki goma. Saboda haka ake koya mana mu rubuta sifiri kafin ɗigo, wato 0.5, domin idan aka rubuta .5 ɗigon ya ɓace sai a karanta 5, kuma kada mu rubuta 1.0 domin ana iya karanta shi 10. Duk takardar da na ga lamba babu ma'auni a gefenta, nakan mayar da ita ga wanda ya rubuta, ko da layi ya yi tsawo.

A ɗakin kwanciya lissafin yana ƙara sarƙaƙiya. Ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin ɗari yana nufin giram 0.9 a kowane mililita 100, wato giram 9 a lita guda. Idan za a yi ƙarin ruwa na mililita 500 cikin awa huɗu da igiyar da ke ba da ɗigo 20 a mililita, sai a ninka 500 da 20, a raba da minti 240, a sami kusan ɗigo 42 a minti. Idan igiyar ta yara ce mai ɗigo 60, lissafin ya canza gaba ɗaya, don haka dole a duba ledar igiyar kafin a fara ƙirge.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne insulin na masu ciwon suga, domin a gida ake yin allurarsa babu mai dubawa. Akwai mai yunit 100 a mililita, akwai mai yunit 40, kuma kowanne da sirinjinsa. Wanda ya ja insulin mai yunit 100 da sirinjin mai yunit 40 har zuwa layin 20, ya ja rabin mililita ke nan, wato yunit 50, ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa, kuma hakan na iya sa sugansa ya faɗi har ya suma. Shi ya sa duk wanda ya zo karɓar insulin a wurina nakan roƙe shi ya kawo sirinjin da yake amfani da shi, mu ajiye shi kusa da kwalbar, mu karanta lambobin tare kafin ya tafi.