Daga Ibadan zuwa Aba a kan sawun Dick Tiger

Na taso a gidan da ake kallon dambe, domin mahaifina ba ya barin gidan dambe ya wuce shi idan kaka ta yi, kuma a bakinsa na fara jin sunan Dick Tiger, mutumin da yake cewa shi kaɗai ne ɗan damben boksin da ya yarda zai iya tsayawa a gaban 'yan damben gargajiya. Saboda haka da wata hidima ta kai ni Ibadan, sai na ƙudurta cewa ba zan koma Kano ba sai na ga filin da ya yi wasansa mafi shahara a gida, sannan na gangara gabas na ga garin da ya tashi.

Motarmu ta bar Kano da yamma, muka kwana muna tafiya ta Kaduna da Mokwa, gari ya waye mana kusa da gadar Jebba, muka ratsa Ilori da Ogbomosho da Oyo, ba mu shiga Ibadan ba sai bayan la'asar. Na sauka a Sabo, unguwar Hausawa, inda na yi wanka na ci tuwo, washegari kuma na hau acaɓa zuwa filin wasa na Liberty, wanda tun 2010 ake kiransa da sunan Obafemi Awolowo. Filin ya tsufa, fentinsa ya koɗe, kuma a safiyar da na je babu kowa a ciki sai wasu samari da ke atisayen gudu. Amma a nan ne, ranar 10 ga Agusta 1963, Dick Tiger ya kare kambunsa na duniya na ajin matsakaita nauyi a karawa ta uku da Ba'amurke Gene Fullmer, wanda ya sha naushi har aka tsayar da wasan bayan turmi na bakwai. Abin da ya ba ni mamaki da na zauna a kan matakalar siminti ina lissafi shi ne, a daidai wannan lokacin Awolowo da filin yake ɗauke da sunansa yanzu yana tsare ana yi masa shari'ar cin amanar ƙasa, amma duk da rikicin siyasar Jihar Yamma, mutanen Kudu da na Arewa sun haɗu a wannan dare suna yi wa mutum ɗaya kirari.

Sai dai ni abin da ya fi jan hankalina a rayuwar Tiger shi ne abin da ya yi bayan nan, lokacin da mutane suka ɗauka ya ƙare. A damben gargajiya da na sani tun ina yaro ba a auna kowa, ƙaramin mutum yana iya cewa a haɗa shi da ƙato, idan ya kashe shi kuwa makaɗa su kwana suna wasa shi. A boksin kuwa sikeli ne yake raba mutane aji-aji. Tiger ya yi yawancin rayuwarsa a ajin da ba a wuce fam 160, amma da Emile Griffith ya karɓe masa kambu a Afrilun 1966, maimakon ya ajiye safar hannu yana ɗan shekara 36, sai ya haura zuwa ajin da ke bin na manyan ƙarti, wanda iyakarsa fam 175 ce, wato kilo 79 da 'yan kai. Tsawonsa bai wuce mita 1.73 ba, kuma kusan duk wanda zai haɗu da shi a can ya fi shi tsawo da tsawon hannu. Duk da haka, ranar 16 ga Disamba 1966, a zauren Madison Square Garden na birnin New York, ya yi turmi goma sha biyar da José Torres ɗan Puerto Rico, alƙalai suka ba shi nasara, ya zama zakaran duniya a aji na biyu. Da aka sake karawa a watan Mayun 1967 ya kuma yin nasara da ƙyar, magoya bayan Torres suka fusata suka yi ta jifa da kwalabe da kujeru.

Da wannan tunanin na bar Ibadan da asuba a motar da za ta Anaca. Mun bi ta Ore da Benin, muka tsallaka Kogin Kwara a Asaba, daga Anaca na canja mota zuwa Owerri. Amaigbo, ƙauyen da aka haifi Tiger, wanda ainihin sunansa Richard Ihetu ne, a ranar 14 ga Agusta 1929, yana Jihar Imo, amma dare ya yi mini, don haka na wuce kai tsaye zuwa Aba, inda ya yi ƙuruciyarsa yana tara tsofaffin kwalabe yana sayarwa kafin ya fara dambe. Wanda ya ga Aba da idonsa zai fahimci inda ya samo taurin kansa, domin gari ne da kowa yake cikin neman na kansa tun fitowar rana, kuma a kasuwar Ariaria masu ɗinkin takalma da jaka ba su da lokacin ɗaga kai su dubi baƙo. Irin wannan naci ne ya riƙe shi a Ingila, inda ya sauka a Liverpool a 1955 ya sha kaye a wasanninsa huɗu na farko a jere, amma bai tattara kayansa ya dawo gida ba, har sai da ya ci kambun ƙasashen renon Ingila a 1958.

Na tambayi matasa da dama a tashar mota da cikin kasuwa ko sun san shi, mafi yawansu suka girgiza kai, wani ma ya zaci sunan mawaƙi ne. Wani dattijo mai sayar da fata ne ya ajiye aikinsa ya ba ni kujera, kuma da ya ji daga Kano nake sai ya ɗan yi shiru kafin mu ci gaba da magana. Na gane dalilin shirun nasa, domin ba a iya ba da labarin Tiger a tsallake yaƙin basasa. Shekarar da ya fara cin Torres, wato 1966, ita ce shekarar juyin mulki biyu da kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a Arewa, kuma da yaƙi ya ɓarke a 1967 ya tsaya a ɓangaren Biyafara a fili, ya karɓi muƙamin laftanar a sojojinta, ya riƙa aika kuɗin da yake samu gida, daga baya kuma ya mayar wa Ingila lambar girmamawa ta MBE da ta ba shi, saboda goyon bayan da take bai wa gwamnatin tarayya. Ni ɗan Arewa ne, kuma a gidanmu akwai waɗanda suka yi yaƙin a ɗaya ɓangaren, amma ban ga dalilin da zai sa wannan ya hana ni yarda cewa mutumin ya tsaya wa mutanensa da dukiyarsa da sunansa a lokacin da yin haka ya jawo masa asara ba.

Asarar kuwa ta zo ta kowace fuska. Bayan ya kare kambunsa a kan Roger Rouse a Las Vegas a Nuwamban 1967, sai ya haɗu da Bob Foster, dogon mutum mai kimanin mita 1.91, a ranar 24 ga Mayu 1968, Foster ya sake masa naushin hagu a turmi na huɗu wanda ya kwantar da shi har aka ƙirga goma. Ya ci gaba da dambe duk da haka, ya doke Frankie DePaula a wani wasa mai zafi a wannan shekarar, ya doke Nino Benvenuti ɗan Italiya a 1969, kafin Griffith ya sake cin sa a Yulin 1970, wanda shi ne wasansa na ƙarshe. Dukiyar da ya tara a gida yaƙi ya cinye mafi yawanta, har ta kai zakaran duniya yana aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York, inda ciwon dajin hanta ya kama shi. Gwamnati ta ba shi izinin dawowa, ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba 1971 yana da shekara 42, da nasara 60 a cikin wasanni 82.

Dattijon ya raka ni har bakin titi, ya tare mini Keke Napep, ya kuma hana ni biyan kuɗin lemon da na sha a rumfarsa. Da daddare na shiga doguwar motar da za ta Kano ta Enugu da Makurɗi, na sami kujera kusa da taga a bayan wasu fatake da suka saro takalma.