Katin inshora na aljihuna, amma sai da na sayar da babur

Shekara shida ana cire mini kuɗin inshorar lafiya daga albashi, ban taɓa zama na tambayi yadda abin yake aiki ba. Kati na cikin aljihu, na ɗauka shi ke nan, duk asibitin da na shiga zan miƙa shi a duba mu. Ƙannena da kuka fara aiki kwanan nan, wannan zaton ne ya ci mini babur.

Ɗana ne ya samu ƙaba yana ɗan shekara bakwai. Da na ga kumburin yana ƙaruwa, ban bi ta ƙaramin asibitin da na yi rajista ba, na wuce da shi babban asibiti kai tsaye. Likita ya duba, aka sa ranar tiyata. Da na je teburin inshora, matar da ke wurin ta juya katin a hannunta ta ce, "Malam, ina takardar da aka turo ku da ita? Ina kod?" Wallahi ranar na fara jin kalmar. Yaro na zaune a kan benci ya dafe mara, uwarsa na kallona. Ban iya jiran komai ba, na biya daga aljihuna, sati bai zagayo ba na kai babur kasuwa.

Daga baya wani abokin aiki ya zaunar da ni ya warware mini. Asibitin da ka zaɓa lokacin rajista shi ne ƙofarka, ana biyansa kuɗi a kanka kowane wata ko ka je ko ba ka je ba. In ciwo ya fi ƙarfinsa, shi zai rubuta takardar tura ka gaba, kamfanin HMO kuma, wato kamfanin da ke kula da inshorarka tsakaninka da asibitoci, ya ba da lambar amincewa, wato kod ɗin nan, sannan babban asibiti ya karɓe ka a kan inshora. Ni ko sunan HMO ɗina ban riƙe ba, balle lambar wayarsu. Ciwon gaggawa daban ne, ba a tsayawa neman takarda, amma ko a nan ka kira su tun kana asibitin.

Sai maganar magani, wadda ta fi ba ni takaici don na daɗe ina asara ban sani ba. A tsarin ma'aikatan tarayya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ne naka, muddin maganin yana cikin jerin da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta amince da shi. Sau nawa aka ce mini "babu, je ka saya a waje", na tafi kemis na biya duka, ko rasit ban karɓa ba! Yanzu nakan tambaya ko akwai irinsa a cikin jerin, in babu a rubuta mini, in kira HMO a gabansu. Ba faɗa nake yi ba, kuɗina ne aka riga aka cire.

Tun 2005 aka ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na tarayya, wato NHIS, a 2022 sabuwar doka ta mayar da shi NHIA ta kuma wajabta inshorar a kan kowa. Jihohi ma na da nasu, kamar KSCHMA a Kano, kuma ƙa'idojinsu ba lallai su zo ɗaya da na tarayya ba, don haka ka nemi na wurinka ka karanta. Na tarayya yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, amma sai wanda aka shigar da sunansa. Da aka haifi ƙanwar yaron nan, ana gama suna na ɗauki takardar haihuwarta na nufi ofishin masu inshorar don a shigar da sunanta.