Tarihin Rayuwata, kashi na 9: azumin da manet ta kusa kwantar da ni

Salamu alaikum jama'a. Wancan satin mun tsaya inda Yaya ya dawo daga Duwala da PlayStation 4 ta hannu, to mu ɗora.

Lokacin CAN ne, wato gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, Janairun 2022, Garwa ta cika maƙil don Najeriya a filin Roumdé Adjia take wasanninta. Ranar da suka ci Masar 1-0 muka dawo Yelwa da murna, muka kunna FIFA muna ta maimaita wasan har aka kira asuba. Daga ranar barcin dare ya bar ni.

Sai azumi ya shigo a Afrilu, kun dai san zafin Garwa a wannan watan, sama da digiri 40 kuma ɗakina rufin kwano ne, daga an idar da tarawi sai in zauna gaban talabijin har sahur ko ruwan kirki ba na sha in dai akwai kuran, wato wutar lantarki, to manet, abin da ake riƙewa a buga wasan, na hannuna. A lekol, wato makaranta, kaina kan tebur, ga jarrabawar probatuwar na tafe. Babban yatsana da wuyan hannu suka fara zugi, ido ja wur kamar an watsa min yashi. Amma wlh abin da har yau yake ci min rai shi ne daren da ƙanwata ta gitta gaban talabijin aka zura min ƙwallo, na daka mata tsawar da ta sa ta kuka, Inna na tsaye bakin ƙofa ba ta ce uffan ba.

Washegari sai ga Kawu, shi ma'aikacin jinya ne. Na ɗauka ƙwacewa zai yi. Ya kama hannuna yana dannawa, ya ce "ɗana, wasa ba laifi ba ne, amma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, alamarta mutum ya kasa tsayawa ko da yana ganin tana cutar da shi. Kai za ka iya tsayawa?"

Na ce "Kawu ban sani ba." Gsky na faɗa mishi.

Ya ce idona na bushewa ne don mai kallon allo ba ya ƙiftawa yadda ya kamata, duk minti 20 in ɗaga kai in kalli nesa na daƙiƙa 20, in miƙe in motsa wuya da yatsu, gorar ruwa a gefena, sannan awa ɗaya kafin kwanciya a kashe komai. Wannan ta ƙarshen ta fi ba ni wuya, daren farko juyi kawai nake ta yi hannuna na neman manet.

Bayan sallah ya zo da moto ya ɗauke ni zuwa yashin bakin Binuwai inda samari ke buga ƙwallo da yamma, minti goma ban yi ba numfashi ya gagare ni. Abin da ya faru a wajen, da yadda na ba ƙanwata haƙuri, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.